Kurakuran da Muke Yi wa Masu Nakasa da Kyakkyawar Niyya, da Yadda Za a Gyara Su

Wata abokiyar aikina mai amfani da keken guragu ta taɓa gaya mini cewa duk ranar da aka gayyace ta taro, tun da asuba take daina shan ruwa. Na ɗauka likita ne ya hana ta. Ta ce a'a, banɗaki ne. Za a iya samun gangara a ƙofar shiga, a tarbe ta da fara'a, a kai ta sahun gaba, amma idan fitsari ya matse ta babu ƙofar banɗakin da kekenta zai shige. Don haka take gwammace ƙishirwar wuni guda. Shekara uku muna ofis ɗaya ban san wannan ba, alhali wasu daga cikin tarukan ni nake shirya su.

Babu wanda ya ƙi ta a cikinmu. Abin da ya faru shi ne mun zauna mun yanke abin da take buƙata, ba mu tambaye ta ba. Tun daga ranar na fara lura cewa yawancin kurakuran da ake yi wa masu nakasa daga nan suke tasowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 1.3 ne ke rayuwa da nakasa, wato kusan mutum ɗaya cikin shida. Ke nan kowa yana da su a gidansa, ko wurin aikinsa, ko ajinsa, kuma tsufa ko haɗari ko ciwo na iya shigar da kowannenmu cikin wannan lissafi.

Taimakon da ba a nema ba

Wannan ne kuskuren da mutanen kirki suka fi yi. Ka ga mai keke yana hawan tudu, sai ka taho ta baya ka kama ka tura. A wurinsa tamkar wani baƙo ne ya zo ya sungume shi ba sallama. Keken nan ƙafafunsa ne. Hannuwansa suna kan ƙarfen taya, turawar bazata na iya murɗe masa yatsu, kuma ƙaramar tayar gaba idan ta ci karo da dutse ko tsagar siminti da gudu, mutum kan kifa ta fuska. Haka jingina da keken, ko rataya jaka a kai, ko ɗauke sandar mutum a jingine ta can nesa don "kada ta tare hanya". Duk wanda aka ɗauke wa sanda an ɗaure shi ne a inda yake zaune.

Gyaran bai wuce kalmomi kaɗan ba: "Malam, in taimaka?" Idan ya ce a'a, ka bar shi, kuma kada ka ji haushi. Idan ya ce e, akwai tambaya ta biyu da aka fi mantawa da ita: "Yaya zan yi?" Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wani zai ce ka juya shi da baya wajen sauka daga dakali, wani zai ce kada ka kama maɗorin hannu domin cirewa yake yi.

Makaho ma haka. Ana kama masa hannu ko a riƙe ƙarshen sandarsa a ja shi, kuma duka biyun kuskure ne. Sandar ita ke karanta masa ƙasa, da zarar ka ɗaga ta ka rufe masa hanya. Abin da ya dace shi ne ka yi sallama, ka faɗi sunanka ko da kun saba, ka ba shi gwiwar hannunka ya riƙe, ka riƙa tafiya rabin taki a gabansa. Ta motsin jikinka zai gane kwana da tsayawa. Idan kun iso matakala ka tsaya ka ce hawa ce ko sauka. "Ga shi can" da "yi nan" ba su da ma'ana a wurinsa. Ka ce "hagunka, taki uku". Wurin zama kuwa ka ɗora hannunsa a bayan kujera, zai zauna da kansa. Idan za ka tashi ka gaya masa. Mutane da yawa sun ba ni labarin kunyar da suke ji idan suka gano sun jima suna magana da kujerar da babu kowa a kai.

Idan yana tafe da karen jagora, kada ka kira karen ko ka shafa shi. Aiki yake yi, kuma ɗauke masa hankali a bakin titi na iya jawo asarar rai.

Yin magana ta kan mutum

"Me yake so?" Ana jefa wannan tambaya ga ɗan rakiya, mai abin yana zaune yana ji. Ana yi a asibiti, ana yi a banki, ana yi a ofis. Ka dubi mutumin ka yi magana da shi. Ko da tafinta ne a tsakaninku, idonka ya kasance a kan kurman, domin da shi kake hira. Idan zancen zai yi tsawo da mai keke, ka jawo kujera ka zauna, kada ya ƙare da ciwon wuya.

Ɗaga murya ga makaho ba shi da dalili, kunnensa lafiya lau. Ga kurma kuwa ihu yana ɓata abin ne, saboda yana murguɗa siffar baki, kuma mai na'urar ji yakan ji ƙarar da zafi. Ka fuskance shi, haske ya faɗo a fuskarka, kada ka tsaya taga tana bayanka, kada ka rufe baki da hannu. Sannan kada ka dogara ga karanta leɓe. Tsaya gaban madubi ka ce "bata" ka ce "mata" ba tare da murya ba, za ka ga ba su da bambanci a ido. Mai karanta leɓe cike gurbi yake yi da hasashe, kuma aiki ne mai gajiyarwa. Idan bai gane ba ka sauya kalmomi, ko ka rubuta a waya. Kalmar da ta fi yi wa kurame ciwo ita ce "bar shi kawai, ba komai". Ma'anarta a wurinsu ita ce ba su kai a maimaita musu ba.

Akwai kuma zaton cewa yaren kurame ɗaya ne a duniya, ko kuma nune-nune ne kawai. Harsunan hannu sun kai ɗaruruwa, kowanne da nahawunsa. Na Amurka da na Birtaniya ma ba su fahimtar juna, duk da cewa masu ji a ƙasashen biyu harshe ɗaya suke yi. Don haka kafin ka ɗauko tafinta ka tambayi wane yare mutumin yake yi. Raina wannan harshe ya taɓa jawo babbar ɓarna. A 1880 malaman kurame suka yi taro a Milan ta Italiya, suka yanke cewa koyarwa da baki ta fi ta hannu, aka kori yaren hannu daga makarantu a ƙasashe da dama na tsawon shekaru masu yawa. Kusan duk waɗanda suka kaɗa ƙuri'ar masu ji ne. Sai a 2010, a taron da aka yi a Vancouver ta Kanada, aka yi watsi da wannan matsaya a hukumance. Shekara 130 ke nan tsakanin kuskuren da amsa shi.

Mai in'ina ko wanda maganarsa ke fita da ƙyar, kada ka ƙarasa masa jimla, kuma kada ka gyaɗa kai alhali ba ka gane ba. Ka maimaita abin da ka ji, ya gyara maka saura.

Gangarar da ba ta hawuwa

A nan zan daɗe, domin a nan ake kashe kuɗi a banza. Sau da yawa mai gini yakan tuna da masu keke bayan an gama aiki, sai a sa magini ya zuba siminti a gefen matakala, tsawonsa daidai da tsawon matakalar. Abin da ke fitowa zamiya ce. Mai keke ba zai hau shi kaɗai ba, wanda ya gwada zai iya kifawa ta baya, saukowa kuwa ta fi haɗari.

Ma'aunin da aka fi bi a duniya shi ne 1 cikin 12: duk tsayin santimita 1 yana buƙatar tsawon santimita 12. Ɗauki matakala uku, kowacce santimita 15. Jimilla 45. Gangararta za ta kai santimita 540, wato kusan mita biyar da rabi. Yawancin mutane sukan yi mamaki idan suka ji wannan, kuma shi ne mafi tsananin abin da aka yarda da shi. Wadda ta fi haka kwanciya ta fi daɗin hawa. Idan fili bai isa ba, a naɗe ta gida biyu da wurin hutawa a tsakani. Tana buƙatar ƙarfen riƙewa a gefe biyu, da ɗan dakali a baki don kada taya ta zame, da fuska mai kaushi. Tayil mai sheƙi yana da kyau a hoto, amma da ruwa ya taɓa shi ya zama tarko.

A saman gangarar dole a bar fili a miƙe, kamar santimita 150, kafin ƙofa. In ba haka ba mutum zai iso yana riƙe da tayoyi da hannu biyu don kada ya koma baya, ga ƙofa tana buɗowa ta wajensa. Da wane hannu zai ja ta?

Sai kuma abin da abokiyar aikina ta koya mini: shiga gini sarƙa ce, zobe ɗaya ya tsinke duka ta tashi aiki. Daga inda mota ta sauke mutum, zuwa ƙofa, zuwa teburin karɓar baƙi, zuwa ɗakin da ake abin, zuwa banɗaki, zuwa hanyar fita. Faɗin ƙofa kada ya gaza santimita 81 idan an buɗe ta, 90 ya fi. Keke yana buƙatar da'ira mai faɗin kusan santimita 150 kafin ya juya. Ƙofar banɗaki ta buɗe waje, domin idan mutum ya faɗi a ciki jikinsa ba zai tokare ta ba. A sa ƙarfen dafawa a gefen mazauni, a bar fili a gefe ɗaya inda keke zai tsaya. Makunnin wuta da maɓallin lif, wato na'urar hawa bene, kada su haura santimita 120 daga ƙasa. Bayan an yi duk wannan, kada a mai da banɗakin ma'ajiyar bokiti da tsintsiya, ko a kulle shi mabuɗin yana hannun wanda ya tafi hutu. Na ga hakan fiye da sau ɗaya.

Wasu sukan ce, "Ai muna da ƙarfafa, za mu ɗauke shi mu hau da shi." Ɗaukar babban mutum kamar kaya a gaban jama'a zubar masa da mutunci ne, ga haɗarin faɗuwa, ga shi sai ya jira ƙarfafan kafin ya sauko. A watan Maris na 1990 masu nakasa a Amurka suka bar kekunansu suka rarrafa matakalar ginin majalisar dokoki a Washington domin duniya ta ga abin da matakala take nufi a wurinsu. A ranar 26 ga Yuli na shekarar aka sa hannu a dokar kare haƙƙinsu. Idan babu lif a gininka, akwai gyaran da ba ya cin ko sisi: a sauko da taron ƙasa, kowa da kowa.

Ka san tayil ɗin nan masu ƙuraje, galibi ruwan ɗorawa, da ake gani a tashoshin jirgi da bakin titi? Ba ado ba ne. Wani Bajapane mai suna Seiichi Miyake ne ya ƙirƙiro su, aka fara shimfiɗa su a birnin Okayama a 1967. Masu dogayen layuka suna cewa "bi nan", masu ɗigo-ɗigo suna cewa "tsaya, akwai haɗari". Wanda ya ajiye mota ko tukunyar fure a kansu ya goge wa makaho alamar hanya. Wanda ya shimfiɗa su don kwalliya, layin ya ƙare a jikin turken lantarki, gara ma bai sa ba.

Waya da intanet

Makafi suna amfani da waya sosai, ta hanyar manhajar da ke karanta musu abin da ke kan allo: TalkBack a Android, VoiceOver a iPhone, NVDA a kwamfuta mai Windows. Manhajar rubutu take karantawa. Idan ka tura sanarwar taro a matsayin hoto kawai, ranar da wurin da lokacin duk suna cikin hoton, abin da mutum zai ji sau da yawa shi ne kalma ɗaya: "hoto". Ka kwafi bayanin ka rubuta shi a ƙasa. Facebook da Instagram da X duk suna da gurbin rubuta bayanin hoto, kuma jimla ɗaya ta wadatar. Ka rage jera alamomin dariya goma a jere, domin ɗaya bayan ɗaya za a karanta masa su. Haruffan ƙawa da ake kwafowa don suna ya yi kyau su ma sukan fito a murya kamar shirme.

Saƙon murya kuwa akasin haka ne: daɗi ga makaho, rufaffiyar ƙofa ga kurma. A rukunin da ake tura muhimmin bayani, a haɗa murya da rubutu. Bidiyo a sa masa rubutun abin da ake faɗa, kuma a duba wanda na'ura ta rubuta da kanta, domin takan yi kuskure, musamman a sunaye da lambobi. Kada launi kaɗai ya ɗauki saƙo. Akwai masu yawa da ba sa bambance ja da kore. Rubutu mai ruwan toka a kan fari kuma yana wahalar da duk wanda ganinsa ya raunana.

Ba kowane makaho ne yake karanta rubutun makafi ba. Louis Braille, ɗan Faransa da ya makance tun yana ƙarami, ya tsara shi a 1824 yana ɗan shekara 15, da ɗigo shida kacal, kuma har yau babu abin da ya maye gurbinsa wajen koyon rubutu. Amma wanda ya rasa gani da girma sau da yawa bai koye shi ba, kuma mafi yawan masu matsalar gani suna da sauran gani kaɗan. Wani manyan haruffa yake so, wani a tura masa takardar a waya. Kafin ka buga komai, tambaye shi.

Abin da ido ba ya gani

"Ai lafiyarka ƙalau." Da wannan jimla ake tayar da mai ciwon sikila daga kujerar da aka keɓe, ake harar wanda ya fito daga mota da ƙafafunsa a wurin ajiye motar masu nakasa. Ciwon zuciya, ciwon gaɓoɓi, farfaɗiya, larurar ƙwaƙwalwa, raunin ji, duk ba a ganin su a fuska. Akwai kuma masu keke da ke iya miƙewa su yi 'yan taku. Keken yana tanada musu ƙarfi ne. Ba aikinka ba ne ka binciki kowa, kuma "me ya same ka?" ba tambayar haɗuwar farko ba ce.

Farfaɗiya tana buƙatar magana ta musamman, saboda kuskure a nan yana raunata mutum. Kimanin mutum miliyan 50 ke da ita a duniya, kuma ba a ɗaukarta ta taɓawa ko ta yawu. Idan ta tashi, kada a cusa masa cokali ko wani abu a baki. Mutum ba ya haɗiye harshensa, amma cokali yana karya haƙori. Kada a danne shi, kada a ɗura masa ruwa. A kawar da abin da zai buge shi, a sa abu mai laushi a ƙarƙashin kansa, a duba agogo, idan jijjigar ta lafa a kwantar da shi ta gefe. Idan ta wuce minti biyar, ko ta sake tashi bai farfaɗo ba, a nemi agajin asibiti nan take. A kuma kori 'yan kallo.

Harshe, tausayi da yabo

Makaho, kurma, gurgu: masu abin da yawa suna kiran kansu da waɗannan sunaye ba tare da jin komai ba. Matsalar tana farawa ne idan kalmar ta cinye sunan mutum, aka daina cewa Malam wane, aka koma "gurgun nan". Kurma ba lallai ya zama bebe ba, mai farfaɗiya ba mahaukaci ba ne. Wasu sun fi son "masu buƙata ta musamman", wasu kuma suna cewa shiga banɗaki da zuwa makaranta buƙatun kowa ne, babu na musamman a ciki. Ka bi abin da mutumin ya zaɓa.

Tausayin da ya wuce kima nauyi ne. Miƙa wa mutum sadaka don kawai an gan shi a keke, alhali wurin aikinsa ya nufa, cin fuska ne. Yabon da ya wuce kima ma haka: idan ka jinjina wa mutum don ya fito sayayya, ka gaya masa ne cewa ba ka zaci zai iya komai ba. Kada kuma ka ɗauki hotonsa ka yaɗa don wasu su "ɗauki darasi" ba da izininsa ba.

Yanke hukunci a madadin mutum

"Kada mu gayyace ta, za ta wahala." "Wannan aikin zai yi masa yawa." "A bar yaron a gida, za a tsokane shi." Duk da sunan sauƙaƙawa ake faɗar su, kuma da su ake raba mutum da abokai da aiki da karatu. Garin gyaran gira a rasa ido ke nan. Ka gayyace ta, ka gaya mata gaskiyar yadda wurin yake, matakala nawa ne, akwai banɗaki ko babu, ita ta yanke.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar haƙƙin masu nakasa a ranar 13 ga Disamba 2006, ta fara aiki ranar 3 ga Mayu 2008. Abin da ya fi jan hankalina a cikinta shi ne yadda ta kalli nakasa: abu ne da ke faruwa idan raunin jiki ya haɗu da shingen da mutane suka kafa, na gini ko na hali. Ta kuma ƙidaya ƙin yi wa mutum gyara mai ma'ana a cikin nuna wariya. Irin wannan gyara yawanci ƙarami ne: ɗaga tebur don keke ya shige, ƙarin lokaci a jarrabawa, sauya lokacin shiga aiki, zaunar da ɗalibi mai raunin ji a gaba, tura takardun taro kwana biyu kafin ranar. Masu nakasa da suka yi gwagwarmayar wannan yarjejeniya suna da take guda, cewa kada a yanke komai a kansu ba tare da su ba. A aikace wannan yana nufin a kira su tun ana zanen gini, kafin siminti ya bushe, kuma a biya su ladan shawararsu kamar kowane ƙwararre. Mutum ɗaya ma bai isa ba: abin da ya dace da mai keke zai iya rikitar da makaho, wanda yake gane ƙarshen hanya ta bakin dakali.

Akwai wuri ɗaya da kusan kowa yake mantawa, wato ranar gobara. Ƙa'ida ita ce ba a shiga lif idan wuta ta tashi. To, wanda lif ya kai hawa na huɗu, ta ina zai sauko? Ƙararrawa tana kaɗawa, kurman da ke banɗaki wa zai gaya masa? Ana buƙatar ƙararrawa mai walƙiya, da kujerar saukar da mutum ta matakala, da mutane biyu da aka horar suka san wa za su nema, kuma a yi atisaye tare da mai abin. Da muka zo yin namu a ofis, abokiyar aikina ce ta jagorance mu. Ta nuna mana cewa ƙofar fita ta gaggawa da muke taƙama da ita tana da matakala biyu a waje, kuma wurin taruwa yana kan tsakuwa inda tayar keke ke nutsewa. Muka auna tsayin matakalar, santimita 30, muka zuba gangara mai tsawon mita uku da santimita 60, muka mai da wurin taruwa kan siminti. Banɗakin ya ɗauki wata huɗu, domin sai da aka fasa bango aka faɗaɗa ƙofa. A taron farko bayan an gama, ta zo da gorar ruwanta ta ajiye a kan tebur.